Kawun da Ya Hana Mu Shan Ruwa

Wata guda ke nan da muka binne Kawu, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni a gidansa da ke Nasarawa tun ina ajin farko na sakandare. Ya rasu ranar Talata da hantsi, bayan jinyar mako biyu. Allah ya ba shi hutu, ya sa ya tarar da alherin da ya fi wanda ya bari.

Zaman makokin ya cika har layin gidanmu ya toshe. Matan zumuntar coci sun zo da waƙoƙinsu, abokan aikinsa na masaƙa sun zo sun jeru a kan benci, maƙwabtanmu Musulmi suka shimfiɗa tabarmi a inuwar katanga. Amma waɗanda suka fi kowa surutu su ne 'yan gudu, mutanen da Kawu ya horar cikin shekaru ashirin da wani abu. Ba a jima ba suka rabu gida biyu.

Tsofaffin cikinsu, waɗanda yanzu tumbi ya hana su ganin takalminsu, suna tuna mutumin da ba ya yarda ka sha ko ɗigon ruwa kana gudu. Wani mai sanƙo ya ce, "Koci ke nan! Ya kama ni na tsaya a famfo, ya sa na zagaya fili sau goma da bokiti a kai."

Wani matashi ya ce, "Baba, wane Kocin kuke magana? Namu da jarka yake yawo a bayan keke. In ka ƙi sha ne ma za ka gane kurenka."

Gardama ta kaure, har wasu suka fara rantsuwa a gidan makoki. Matar Kawu, wadda duk muke kira Mama, ta leƙo daga ƙofar ɗaki da jajayen idanu ta ce, "Duk ku biyun mijina kuke faɗa. Ku rage murya."

Ni dai na ci gaba da zuba wa baƙi kunu, ko da yake ni ne na fi kowa sanin inda Kocin farko ya ƙare da inda na biyu ya fara. Shekara biyu Kawu yana nuna ni a matsayin hujjar cewa hana ruwa yana aiki, alhali ina sha a ɓoye. Wani mutum ya gaskata, ya bi, abin ya kusa kashe shi. Kawu ya ɗauki laifin duka a kansa, ni kuma na laɓe a bayansa. Mutuwarsa ta bar mini aikin da na daɗe ina tsoro, wato in je in gaya wa mutumin nan gaskiya.

Kafin in kai can, bari in faɗi wane ne Kawu, don kada a tuna da shi da gardamar ruwa kaɗai.

Gajere ne, siriri, mai tafiya kamar kullum ya makara. A soja ya koyi gudu tun zamanin Turawa, da ya bar soja sai wata masaƙa a Kakuri ta ɗauke shi ya riƙa kula da filin wasanta. Aikin da aka ba shi yankan ciyawa ne da zuba farar ƙasa a layi. Horar da 'yan gudu shi ya ɗora wa kansa, babu wanda ya sa shi. Duk wanda ya zo filin, ma'aikacin masaƙa ne ko ɗan unguwa, Kirista ko Musulmi, abu ɗaya Kawu yake fara yi masa: ya sa shi ya cire takalmi ya yi tafiya a gabansa, shi kuma ya tsuguna yana kallon ƙafar kamar mai sayen akuya.

A kan abinci ba a kama shi da kuskure ba, har yau. Yakan ce, "Ƙafa ba da abincin yau take gudu ba, da na jiya take gudu." Kwana biyu kafin gasa sai ya bi mu gida-gida yana tambayar iyayenmu mata abin da za a dafa. Tuwon acca yake so, ko doya, ko shinkafa, a cika kwano, miya kaɗan, mai kaɗan. In ya ga ɗan gudu a wurin mai tsire ana gobe gasa, sai ya ƙwace ƙunshin ya ce nama na ɗan dambe ne, ya tafi da shi. Ba mu taɓa ganin inda tsiren yake ƙarewa ba, Mama kuma ta ce ita ma ba ta taɓa gani ba.

Horonsa ma mai tsari ne. Ranar Talata a bakin titi muke, mu yi gudu da ƙarfi tsakanin falwaya biyu, mu sassauta a ta uku, mu sake, har sai mutum ya ji ɗanɗanon ƙarfe a bakinsa. Ranar Alhamis a yashin bakin kogi. Lahadi hutu ne na dole, kuma makon gasa yakan rage mana aiki har mu riƙa jin ƙafafunmu suna ƙaiƙayi. Ranar Asabar ce babba. Daga filin masaƙa za ka kama hanya har Unguwar Boro ka dawo, kuma ba da asuba ba, sai rana ta ɗaga, don a cewarsa ba a yin gasa da asuba. Ɗaya bayan ɗaya yake sakin mu, da tazarar minti biyar, wai mai gudu da aboki hira yake yi. Shi yana zaune a fili da agogonsa. A Unguwar Boro akwai ƙanwar Mama, Anti, mai sayar da kunu da ƙosai a gindin mangwaro. Ita ce shaida. In ka iso sai ta dangwala maka bula a bayan hannu, irin wadda ake sa wa farar riga, ka dawo ka nuna wa Kawu. Ya zaɓe ta ne don ba ta da wasa kuma ba ta da tausayi, a ganinsa.

Ruwa ne kawai inda ya kauce. A soja an koya masa cewa ruwa nauyi ne a ciki, yana kawo ciwon haƙarƙari, kuma jikin da ya saba da ƙishi shi ne jiki mai ƙarfi. Ya riƙe wannan kamar karatun coci. Abin da ya yarda da shi shi ne tsakuwa. Kowa yana da 'yar tsakuwarsa mai santsi daga kogi, ka sa a baki ka riƙa tsotsa don yawu ya zo. In ka dawo ka nuna bula, sai ya buɗe gwangwanin gulukos ya zuba maka garin a tafin hannu, ka lashe da busasshen harshe. Mu a lokacin babu abin da ya kai wannan garin daraja. Wasu ma don shi suke zuwa.

Ni kuwa kowace Asabar iri ɗaya ce. Tafiya lafiya lau, dawowa kuma sai jikina ya ɗauke kamar an ɗauke wuta. Ƙafa ta yi nauyi, sharaɓa ta ƙulle, kai ya riƙa sarawa. In na isa gida sai in kwanta a siminti har la'asar, wani lokaci da amai.

Mama tana aikin taimaka wa nas a wani ƙaramin asibiti. A shekarun nan ne aka fara koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da sukari don yaran da zawo ya tsotse, kuma ita ce mai nuna musu ma'aunin. Wata Asabar ta tsaya a kaina ina kwance, ta tambaye ni ba kunya, "Fitsarinka wane launi ne?" Na ce kamar ruwan shayi. Ta kama fatar bayan hannuna ta ja, ta saki, ta ga yadda ta yi jinkirin komawa. Ta ce, "Kai da jariran da ake kawo mana, bambancinku gemu ne."

Ran nan a gaban tuwo ta yi wa Kawu magana. Ta ce zufa ba ruwa ne kaɗai ba, ya lasa hannunsa ya ji gishiri. Ta ce abin da ke fita dole a mayar, kuma sukarin da yake rowarsa a gwangwani a tsakiyar hanya jiki yake neman sa. "Wa ya taɓa ba matafiyi guzuri bayan ya dawo?"

Kawu ya ajiye lomarsa ya ce, "Yarana 'yan gudu ne, ba jarirai masu zawo ba. Ki riƙe asibitinki, in riƙe filina."

Mama ba ta sake tayar da zancen ba, kuma duk wanda ya san ta ya san wannan ba alamar ta haƙura ba ce. Ta ari kwalbar giya a wurin maƙwabta, don ita ce ma'aunin, ta kankare takardar jikinta tas saboda gidan dattijon coci ne. Ranar Juma'a ta haɗa ruwan gishiri da sukari a ciki, ta aika wa Anti. Washegari da na iso gindin mangwaro, Anti ta dangwala mini bula, ta duba hanya hagu da dama, ta ce, "Zagaya bayan rumfa." Shaidar da Kawu ya fi amincewa da ita ke nan.

Haɗin farko gishiri ya yi yawa, na amayar da shi kafin in kai Sabon Tasha. Na biyu Mama ta cika sukari, ya zauna mini a ciki kamar dutse, na dawo ina dafe da mara. Ta yi ta ragewa tana ƙarawa, tana yi mini tambayoyi kamar ɗan sanda, har ta gano cewa wanda ya fi shiga jiki shi ne mai sauƙi, gishiri ɗan kaɗan, sukari daidai yadda za ka ji zaƙi sama-sama, da matsin lemon tsami. Ta kuma ce kada in ɗaga kwalbar gaba ɗaya, in kurɓa, in numfasa, in sake.

Tun daga nan wutar ta daina ɗaukewa. Ba wai ruwan ya ƙara mini gudu ba ne, a'a, hana ni mutuwa a hanyar dawowa ya yi. Akwai lokacin da na yi wata guda ina lalaci saboda wata yarinya a ƙungiyar mawaƙan coci, na riƙa tsallake yashi da falwaya, na dogara da kwalba. Asabar ɗin nan na sha, na kuma dawo a bayan kowa. Ƙarfin na Kawu ne, shi ya gina shi. Kwalbar Mama tsare shi kawai take yi kada ya zube a titi.

Amma Kawu bai san da kwalba ba. Agogo ya gani, agogon kuma yana faɗa masa abin da yake so ya ji. Aka ɗauke ni cikin 'yan gudun jiha. A fili sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Ku dubi ɗan ƙanwata. Da can yana faɗuwa kamar ku. Ya jure ƙishi, jikinsa ya saba, ga shi nan." Ni kuma in sunkuyar da kai, mutane su ɗauka kunya ce irin ta ladabi.

A cikin masu sauraron akwai Dogo. Ɗan Makera ne, mahaifinsa tela, tsarana ne kuma abokina. Allah ya ba shi ƙafa, wannan ba gardama. A rabin farko na hanya babu mai kama shi, har da ni. A dawowa ne yake karyewa, yadda nake yi a da. Burinsa ya shiga tawagar jiha, don masaƙa takan ɗauki 'yan gudun da suka yi suna aiki, shi kuma ya gaji da zama a gaban keken ɗinki.

Wata rana muna wanke ƙafa a kogi bayan gudun yashi ya ce mini, "Don Allah ka gaya mini tsakani da Allah. Yaya kake yi ba ka karyewa a dawowa?"

Na ce, "Abin da Koci ya ce, shi nake yi."

Na sha gaya wa kaina cewa tsoron kada Mama ta shiga uku ne ya sa na faɗi haka. Akwai wannan. Amma akwai kuma cewa na san in Dogo ya sami kwalbar nan, to, ni zan riƙa kallon bayansa. Wannan dalilin ya fi wancan nauyi, kuma na san haka tun a bakin kogin.

Dogo mutum ne mai ɗaukar magana da gaske. Ya ga cewa in ƙishi ne sirrin, to, shi zai fi kowa ƙishi. Ya daina shan ruwa tun daga safiyar Asabar. Ya fara sa riga biyu.

Ranar da abin ya faru bazara ce, gab da saukar ruwan sama, irin ranar da kwalta take laushi. An sake ni kafin shi. Na sha rabona a bayan rumfa, na juyo, muka yi kiciɓis yana tahowa. Na ɗaga masa hannu bai amsa ba. Na lura fuskarsa a bushe take ƙayau, babu zufa ko kaɗan, idanunsa kuma ba ni suke kallo ba. Na gani, na kuma ci gaba da guduna, don agogo yana jirana.

A hanyar dawowa ya faɗi kusa da inda titi ya haye layin dogo. Wani mai faci ne ya ɗauki bahon ruwan da yake gwada tayoyi a ciki ya juye masa, ya tare mota. Likita ya ce wannan ruwan dattin ne ya cece shi. Ya ce zafi ya dafa shi daga ciki, ƙodarsa ta taɓu. Dogo ya yi makonni a kwance, ya tashi, amma an gaya masa shi da gudu har abada.

Washegarin faɗuwarsa, bayan an taso daga coci, na sami Kawu a gindin gwaiba yana gyaran sarƙar kekensa. Tun jiya bai ci komai ba. Yana ta maimaita cewa bai gane ba, horo ɗaya ne, hanya ɗaya ce, me ya sa ɗaya ya tsaya ɗaya ya faɗi.

Na ce, "Kawu, ba ɗaya ba ne. Ni ina sha."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Kana shan me?"

Na faɗa masa komai, kwalbar, rumfar, har tambayar da Dogo ya yi mini da amsar da na ba shi. Ya ci gaba da juya feda da hannu, sarƙa tana tafiya, har na ɗauka bai ji ba.

Can ya ce, "Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

"Shekara biyu ina dafa kafaɗarka a gaban mutane."

Na ce zan je asibiti in gaya wa Dogo. A nan ne ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Ba za ka je ba. Yanzu yana da mutum ɗaya da zai ji haushi, kuma tsoho ne. Kada ka ƙara masa da aboki yana kwance. Dokar tawa ce, ni na kafa ta tun ba a haife ku ba."

Na ce, "To sai yaushe?"

Ya ce, "Ranar da ba na nan in tare maka." Ya koma kan sarƙarsa.

In faɗi gaskiya, daɗi na ji. Na kira shi biyayya ga babba, na zauna a kai shekara uku.

Da Mama kuwa rigima ce sosai. Kwana uku bai ci abincinta ba, yana sayen burodi a bakin titi kamar gwauro. Ba ruwan da ta ba ni ne ya ɓata masa rai ba, sai dai barin sa da ta yi ya riƙa tsayawa gaban jama'a yana faɗin abin da ba haka ba. Mama ta ce, "Na gaya maka a gaban tuwo, ka ce mini zawo. Da na sake faɗa, da ka sa wa yaron ido, da shi ma yana gadon asibiti." Ita ma ta yi kuka a kan Dogo, ta ce da ta sani da kwalba goma ta aika, ba ɗaya ba. A rana ta huɗu Kawu ya shiga kicin, wurin da ban taɓa ganin sa ba, riƙe da ƙaramin cokali. Ya ce, "Nuna mini."

Asabar ta gaba ya tara mu a fili. Ya sa kowa ya fito da tsakuwarsa ya ajiye a ƙasa. Ya ce, "Abin da na koya muku a kan ruwa kuskure ne. Ni na kayar da Dogo." Bai ambaci sunana ba, bai ambaci Mama ba. Mutumin da bai taɓa cewa ya yi kuskure ko a kan hanyar zuwa kasuwa ba, ya faɗi wannan a tsaye, hannayensa a baya, kamar mai ba da rahoto ga hafsa.

Taurin kan nan nasa bai tafi ko'ina ba, juyawa kawai ya yi. Ya daina zama a fili. Ya ɗaura jarka a bayan keke da kofunan roba a buhu, ya riƙa bin hanyar Unguwar Boro yana tare mutane. Ya mayar da gudun Asabar sassafe in bazara ta yi. Gulukos ya bar tafin hannu ya koma cikin jarka. Ya riƙa sa sababbin zuwa su koyi sha suna gudu, don ya ce shi ma horo ne, cikin da bai saba ba zai mayar. Har tsofaffin ɗalibansa ya bi, waɗanda suka zama malaman wasanni a makarantu, ya ce su daina hana yara ruwa. Wasu suka ji, wasu suka ce tsufa ne ya kama Koci.

Ni bai kore ni ba, bai rage mini horo ba, a gida kuma bai canza mini fuska ba. Abu ɗaya ne ya daina. Bai sake cewa "ɗan ƙanwata" a fili ba. Ko da na ci gasa, lokacina kawai yake faɗa mini, ya wuce ga na gaba.

Dogo ya koma shagon mahaifinsa a Makera. Kowace Asabar, in an gama gudu, Kawu zai hau keke ya je can da gajerun wanduna da rigunan 'yan gudu da suka yage, wani lokaci ma ina zargin shi yake ƙara yagar. Zai yi sallama, ya gaisa da tsohon, ya zauna a benci. Dogo zai karɓi kayan ya ɗinke, ya miƙa masa, ba tare da ya dube shi ba. Mahaifinsa yakan ce, "Kai, ba ka ji Baba yana gaishe ka ba?" Sai ya ɗaga kai kaɗan, shi ke nan. Kawu zai zauna rabin awa yana kallon titi, ya yi sallama ya tafi. Bai fasa ba ko sau ɗaya sai da ciwo ya kwantar da shi.

Ni kuwa Dogo bai taɓa canza mini ba. Shi ya ɗinka mini kayan aurena. Yana gwada ni da tef a wuya ya ce, "Kai ma sa'a ka yi ka tsira daga hannun tsohon nan." Na yi dariya. Wannan dariyar tana cikin abubuwan da na fi jin kunyarsu a rayuwata.

A asibiti, cikin jinyarsa ta ƙarshe, Kawu bai bar halinsa ba. Da aka ɗaura masa ƙarin ruwa ya tambayi nas abin da ke cikin ledar. Ta ce ruwa ne da gishiri da sukari. Ya juya ga Mama ya ce, "Kin ga, har nan kin biyo ni." Ranar Lahadi da rana, da ɗakin ya rage mutane, ya kira ni kusa. Ya ce, "Na kusa tashi daga gabanka." Na ce ya daina irin wannan magana, zai warke. Ya ce, "Ba maganar warkewa nake yi ba, ka san abin da nake nufi." Ya roƙi a binne shi a nan Kaduna, kada a wahalar da mutane da kai shi ƙauye, haka kuma aka yi.

Na ƙara mako biyu bayan jana'iza ina neman dalili. Ranar wata Laraba na hau bas zuwa Makera. Na tarar da Dogo shi kaɗai, yana ɗinka wuyan wata riga. Ya yi mini gaisuwar rashi yadda ya kamata, ya ce in yi haƙuri bai samu zuwa ba, aiki ya yi yawa. Na zauna a bencin. Na ce ina da magana, ya ce yana ji, ƙafarsa tana kan feda.

Na faɗa masa. Ban tsallake bakin kogi ba, ban tsallake ranar da na ga fuskarsa a bushe na wuce ba. Wajen tsakiyar maganar keken ya tsaya.

Ya ɗauke ƙafarsa daga feda. Sannan ya ce, "Shi ya sani?"

"Ya sani."

"Tun yaushe?"

"Tun kana asibiti. Shi ya hana ni faɗa maka."

Dogo ya juyo ya dubi bencin da nake kai, ba ni ba. Ya ce, "Shekara uku mutumin nan yana zuwa ya zauna a nan. Wallahi ko sau ɗaya ban amsa masa gaisuwa da baki ba." Ya share fuska da rigar da yake ɗinkawa, rigar mutane. "Kuma ya san ba shi kaɗai ba ne. Ya zauna yana kallon titi."

Na ce ya yafe mini. Ya miƙe, ya cire tef daga wuyansa, ya jawo ƙofar shagon ya sa kwaɗo da rana tsaka.

Ya ce, "Tashi ka nuna mini inda kuka sa shi. Ina da gaisuwar da zan amsa. Ni da kai kuma, ba yau ba."